Oumarou Mai Fenti da Hoton Wasan 'Yarsa

A Owendo, garin tashar jiragen ruwa da ke gefen Libreville, in ka ga babbar motar gungume da zanen ɗawisu a bayanta, wutsiyarsa ta bazu har kan laka-gad mai tare taɓon taya, to hannun Malam Oumarou ne. Mutumin Tasawa ne. Ya zo Libreville yana saurayi, yaron mota, sai wani direba ya lura cewa duk inda aka tsaya yaron nan zane yake a ƙasa da tsinke. Ya saya masa gwangwanin fenti da burushi, daga nan bai ƙara hawa saman kaya ba. Ya yi wa motoci ado, ya rubuta allunan shaguna daga bakin tashar jiragen ruwa har unguwar London, ya auri Fadima, suka haifi 'ya ɗaya, Khairunnisa, wadda yake kira Hairu.

Mutum ne mai son cika. Ba ya iya barin fili a jikin allo. In ya ga wuri fayau sai ya dasa masa fure ko tsuntsu. Ko da injin buga manyan takardu ya zo ya kwashe masa rabin aiki, bai sauya hali ba. Cewa yake inji bai san inda ya kamata a sa tsuntsu ba.

Hairu kuwa ta yi karatun kwamfuta, tana aiki a wani ofishin fiton kaya. In ta taso daga aiki, sai ta zauna tana ƙera wasa irin wanda ake bugawa a waya. Wasan na direban motar gungume ne da zai kai kaya daga Ntoum zuwa Owendo cikin damina: a lallaba a taɓo, a kauce wa rami, a jira ruwa ya janye. Labaran da ta taso tana ji a bakin abokan ubanta ne ta zuba ciki.

Ranar da ta ce masa tana buƙatar hoton da za a sa a shagon intanet inda ake sayar da wasanni, Malam Oumarou bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce, "Uban naki na raye za ki nemi mai zane?"

Ya samo falle na katako mai faɗin ƙofa, ya jingina shi a rumfar gida. Ya zana daji, ya zana kogi, ya sa biri a kan reshe, mata masu tallan ayaba a bakin hanya, jirgin ruwa can nesa, motar kuma a tsakiya da ɗawisunta. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka. Shi kansa ya san bai taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba.

Hairu ta ɗauki hoton zanen, ta yi godiya, sannan ta yi shiru da maganar. Ya jira, ya jira, har ya gaji ya tambaye ta a kan tuwo.

Ta ajiye cokali. "Baba, na gwada shi."

"Gwaji kuma? Riga ce?"

Ta matso da wayarta ta nuna masa. A shagon, wasanni ne jere ba iyaka, kowanne da ɗan hotonsa da bai fi akwatin ashana ba, mutane suna turawa da yatsa suna wucewa. Ta ce ta yi talla da hotuna biyu: wasu mutane aka nuna musu nasa, wasu aka nuna musu wani da ta haɗa da kanta, taya guda a cikin taɓo kawai. Sai aka duba wanne ya fi sa mutane su taɓa su shiga.

"To?"

"Tayar ta fi, Baba. Da nisa."

Malam Oumarou ya wanke hannu bai ƙoshi ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne waɗanda suka yanke hukuncin bai san su ba, ba su san shi ba, ba su ma san ɗawisu ba wataƙila. Fadima ta ce masa, "Malam, ai kai ma ba ka duba shi a ƙarami ba." Ya ce ya duba. Gaskiyar ita ce idonsa ya daɗe da daina ganin ƙananan abubuwa, ya kuma ƙi tabarau, wai na tsofaffi ne.

Washegari ya sa Hairu ta tura masa hoton a wayarsa, ya hau taksi zuwa London, shagon amininsa Alhaji Hammadi, mutumin Garwa mai sayar da atamfa. Zai yi nasa gwajin a gaban mutanen da yake iya kallon idonsu. Dabarar da ya yi ita ce ya nuna wayar ƙiftawa ɗaya, ya rufe da hularsa, ya ce, "Me ka gani?"

Hammadi ya ce, "Ƙara buɗewa."

"Babu ƙari. Haka ake yi."

"To, ni dai kamar kwaɗon zogale na gani."

Wata mata da ta zo sayen zani ta ce filin ƙwallo ne. Tela na kusa ya ce atamfa ce, har yana tambaya ko akwai irinta. Har la'asar Malam Oumarou yana buɗe hula yana rufewa, babu wanda ya ambaci mota. Hammadi ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ga fuskar abokinsa, ya aika a kawo shayi. Ya ce, "Oumarou, allon nan naka ka ba ni in kafa a shago. A bango sarki ne." Aka kuwa kai masa.

A hanyar komawa gida ya tsaya ya sayi tabarau a wajen mai tebur. Da ya shiga da su, Fadima ta dube shi ta kau da kai tana murmushi.

Daga nan ya yanka ragowar katako ƙanana-ƙanana, ya fige gashin burushi har ya zama siriri, ya shiga zane a kan abin da ya fi tafin jariri kaɗan. Wahala ce a gare shi. Hannunsa yana son ƙara tsuntsu, wuri ya ƙi. Ya kan zana, ya jingina a bango, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya runtse ido ya buɗe. In bai gane ba nan take, ya goge.

Cikin waɗanda ya yi akwai wanda ya zana motar ta ɗaga sama kamar za ta tashi, wuta na fita daga bututunta. Hairu ta gwada shi, mutane suka yi ta taɓawa, ya doke tayarta. Malam Oumarou ya yini yana yawo a tsakar gida hannu a baya, yana tambayar Fadima ko ta ji labari.

Murnar ba ta daɗe ba. Hairu ta zo ta zauna kusa da shi a tabarma, ta karanta masa abin da masu gwada wasan suka rubuta. Sun shigo suna zaton tsere ne, sai suka tarar da mota mai tafiyar hawainiya a cikin ruwa. Wasu sun fita nan da nan, wani ma ya ce an yaudare shi.

"Amma sun shigo," in ji Malam Oumarou.

"Sun shigo sun fita da fushi, Baba. Gara kaɗan su zo su zauna."

Ya yi gardama, don yana son wutar nan. Ya ce kowane mai shago yana ƙawata allonsa. Hairu ta ce, "Ka taɓa zana wa mai gyaran taya kaza a allo?" Ya ce a'a, ai sai masu yunwa su cika masa wuri. Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa, ya yi tsaki, ya ce ta miƙo masa katako.

Na ƙarshen da suka tsaya a kai, goshin mota ne ruwan ɗorawa, ta nutse a jan taɓo har gindin fitila, fitila ɗaya a mace, ruwan sama na zuba. Sunan wasan da rubutun hannunsa, manyan baƙaƙe masu inuwa irin na bayan mota. Bai jawo mutane kamar mai wutar ba, amma waɗanda suka shigo ta kansa sun fi daɗewa suna bugawa. Hairu ta ce shi ke nan. A kusurwar gilashin motar akwai wani ɗigo shuɗi da ta ɗauka kuskuren burushi ne, sai da ta faɗaɗa hoton ta ga ɗan tsuntsu ne. Ta bar shi.

Wasan bai yi tashe a duniya ba. Ya samu mutanensa, 'yan kaɗan a nan, 'yan kaɗan a ƙasashen da Malam Oumarou bai taɓa jin sunansu ba, kuma direbobin Owendo suna buga shi in suna jiran lodi, suna ƙorafin cewa ramukan ciki ba su kai na gaske ba.

Shi dai har yau bai iya wasan ba. Duk sanda ya karɓi wayar, kafin ya bar Ntoum ya jefa motar a kwalbati, ya ce laifin sitiyarin ne. Fadima ce ta ƙware. Takan ɗora tukunya, ta zauna a kujerar tsugunno, ta kai gungume har tasha ba ta zubar da ko ɗaya ba, shi kuma yana tsaye a bayanta da tabarau a kan hanci yana cewa, "A hankali, a hankali, akwai rami a gaba."

"Na gani, Malam," in ji ta. "Je ka duba mini miya."