Marfin Kwalbar Ɗanliti

Ranar kasuwar Kwanar Dangora, maƙwabcina Uwais tela ya tsunduma cikin kwata har gwiwa, wandonsa ya dare ta baya a gaban masu sayar da awara. Tela guda! Kuma wai marfin kwalbar lemo ya faɗo masa daga aljihu, shi ya bi. Na yi dariya har da hawaye, kafin na gane marfin.

Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya wa Uwais wani wasan farauta da marafan kwalba. Uwais ya zana dajin Falgore a kwali, kowa ya ɗauki marfi ɗaya a matsayin maharbinsa, shi yana ba da labari, mu muna jefa ɗan ludo. In ka yi nasara, maharbinka ya ƙara ƙarfi: daga sanda zuwa baka, daga baka zuwa bindiga. Amma fa Uwais mugu ne. Kana samun baka, kurar dajin ta zama biyu. Kana samun bindiga, zakin ya koyi laɓewa.

Muka gaji. Ɗanliti mai faci, amininsa, shi ne bai gaji ba. Shekara shida yana bin zaki ɗaya.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da Ɗanliti. Wata la'asar ya ce a kawo kwalin bakin tabarmarsa. Na ja Uwais zaure, na ce, "Don Allah yau ka rage wa zakin nan ƙarfi. Bar bawan Allah ya ci sau ɗaya."

Bai rage ba. Ɗanliti ya jefa, huɗu ta fito, shida ake nema. Ya yi murmushi, ya ce, "Sai wani makon." Bayan kwana tara muka kai shi makwancinsa.

Tun daga nan ba wanda ya sake zama a gaban kwalin. Ana cewa Uwais ba shi da tausayi, ni ma na faɗa.

Ranar kasuwar nan, da na raka shi famfo yana wanke marfin Ɗanliti, bakina bai barni ba. "Malam Uwais, marfin ka tausaya wa, mai marfin fa?"

Ya goge shi da hularsa, idonsa jajur.

"Shi ya rantsar da ni. Ya ce ranar da na sassauta masa, ranar zai san na cire rai da shi. Kai da zomo ya kashe maharbinka sau uku, wa zai gaya maka irin wannan?"