Gidan Babban Yatsa

Jikata aikinta ƙawata fom a intanet. Ta ce takarda guda take rubutawa, ta faɗi launi da faɗin kowane gidan da ake cikewa, sai fom ɗari su bi. Na yi dariya har kallabina ya zame. Ai ni na riga ta.

Zamanin soja ne, arzikin mai ya shigo, Ƙofar Dundaye kowa sai zancen Makka. Ni ma na samu kujera, saura cika fom. Ban yi boko ba, nawa dangwale ne. Na dangwala, malamin ofis ya dawo mini da takardar, wai yatsana ya fita daga gidansa ya hau layin shaida. Na sake, ya sake hawa. Ya ce saura dama ɗaya, ran Alhamis za a rufe.

Shekara talatin ina daka ina yankan nama, babban yatsana ya baje kamar masa. Gidan da suka zana kuwa ko gujiya sai ta matse.

Ni ba a wuce da abu ta gabana ban gani ba. A ƙasan fom ɗin na hango ɗan zakara, tambarin ƙanena mai buga takardu a Sabon Gari. Na gyara gyale na tafi wurinsa.

"Kai, da yatsan wa ka auna wanga gida?"

"Da nawa, Yaya."

Ya ɗaga shi, siriri kamar tsinken tsire. Dariya ta ƙwace mini, sai da na dafa injin.

"Yaya, ki rufa min asiri. Fom na mahauta, na filaye, na rumfunan kasuwa, duk bisa firam guda nika buga su. In na taɓa shi, duka sun canza."

Ya nuna mini firam ɗin, wani ƙarfe mai layuka a ɗaure.

"To madalla, aiki ya yi sauƙi. Kwance shi."

Na tsoma yatsa a tawada na danna a farar takarda. Ya auna, ya matsar da ƙarafan, na ce ƙara. Ya ƙara. Na ce akwai maƙwabciyata mai fura, nata ya fi nawa. Ya ƙara yana salati. Dama ran Laraba zai kai sabon bugu ofis.

Ran Alhamis yatsana ya zauna tsakiyar gida, har da fili hagu da dama. Malamin ya duba, ya buga hatimi. Na fito ina guɗa a bakin titi, ni da ko a biki ban cika yi ba.

Bayan na dawo daga Makka, maigida, da yake mahauci ne, ya kawo fom ɗin mahauta. Ga gidana nan, ƙato! Na yi ta nuna wa mutane.

Jiya na ce jikata ta nuna mini nata a waya. Na danna gida ɗaya, biyu suka amsa.

Na ce, "Ke, ɗauko takardar taki. Faɗaɗa."