Ni da Surukina a Gosulon Kawo

Matata ta fara naƙuda da hantsin wata Talata, jirgin mahaifinta kuma zai sauka filin jirgin Mando da ƙarfe uku na ranar. Ko shirya abin aka yi, iyakarsa ke nan.

Ita ce 'yarsa ta fari. Wanda ya san dattawan Sakkwato na lokacin ya san abin da nake nufi. Bai taɓa kiran sunanta ba, ban kuma taɓa jin ya tambayi lafiyarta kai tsaye ba. In abin ya ci shi sai ya ce, "Ya mutanen gidan?" kamar muna da gayya, alhali daga ni sai ita a 'yan ɗakunanmu biyu na Malali. Cikin farko gida ta tafi haihuwa kamar yadda aka saba. Ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka samo kanta. Shi ya sa a wannan karon likita ya ce ko Zariya kada ta taka, a asibiti za ta haihu.

Da watan haihuwa ya kama sai ga waya daga surukina. Wai zai zo Kaduna kan wata maganar fata, don sana'arsa ke nan, in kama masa ɗaki a otal. Gidana kam ko za a yanka shi ba zai kwana ba. Mutumin da ke cewa jirgi abin hawan marasa haƙuri ne, yau ga shi zai hau saboda fata. Na ce to.

Yayata ce ke tare da mai naƙudar. Ni kuwa na yi ta safa da marwa a barandar asibiti har wata nas ta gaji da ganina. Ta ce in la'asar ta yi abin bai matsa ba, za su kira likita a yi mata aiki. Yaya ta fito ta same ni na jingina da bango.

"Tsayuwarka nan ba za ta haifar mata ba," in ji ta. "Tafi ka ɗauko tsohon nan, kada ka ja mana abin faɗi."

Jirgin ya yi lattin kusan rabin awa. Da surukina ya fito, da jakar fata a hannu ɗaya da wani ƙunshin buhu a ɗayan, na tuɓe takalmi na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Muka gaisa: gajiya, hanya, aiki, mutanen Sakkwato ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke ranmu mu biyun ce kaɗai ba a ambata ba.

"Wanga a sa shi baya," ya ce, ya miƙo mini ƙunshin.

Ban kai ga rufe ƙofa ba motar ta gauraye da ƙamshin kimba da citta da kanumfari. Yajin jego ne, dakan surukata. Na yi atishawa, shi ma ya yi, kowa ya kama bakinsa.

Daga Mando zuwa Kawo tafiyar ta yi daɗi. A Kawo muka faɗa gosulo. Ranar kasuwa ce, ga ma'aikata sun taso ofis, ga manyan motoci daga hanyar Zariya, ga wata motar itace ta mutu a daidai inda bai kamata ba. Kekuna da babura suka cike duk wata kafa. Wani mai keke, da rago ɗaure a bayansa, ya dafa motata yana hutawa kamar katangar gidan ubansa.

Ni mutum ne mai baki a hanya, ban ɓoye ba. Amma wa zai yi ashar a gaban surukinsa? Hannuna ya kai kan ham ya dawo ya fi sau goma. Zagin da na haɗiye ranar, da tuwo ne da na kwana biyu ban nemi abinci ba.

"Kullum haka hanyag ga take?" ya tambaya.

"Sai ranar Talata, Baba."

"To, Allah shi sawwaƙe."

Muna rarrafe wajen Unguwar Kanawa aka kira la'asar. Lokacin da nas ta faɗa ya yi. A raina na ga gadon asibitin nan mai taya, na ga ana tura ta, na tuna yadda na same ta wancan karon, fuska fayau, tana ba ni haƙuri kamar ita ta yi laifi. Shi kuwa ya zaro carbi daga aljihu, ya juyar da kai wajen taga yana kallon masu gasa masara.

Can gaba akwai mararraba: in ka karya hagu asibiti, in ka miƙe cikin gari. A nan ɗan yalo fiba mai ba motoci hannu ya tsayar da mu, ya saki na wancan ɓangaren, ya kuma manta da mu. Na zuba wa hanyar hagu ido. Minti uku ya isa. Amma in kai mutumin nan ƙofar ɗakin da 'yarsa ta fari ke nishi, in ce masa me?

"Miƙe, Malam," ya ce a hankali, bai ko dube ni ba.

Na miƙe. Gaskiya na ji haushinsa a lokacin, na ji haushin kunyar tamu gaba ɗaya, wadda ta sa maza biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa fiye da awa guda da tsoro iri ɗaya, kowa na cin nasa shi kaɗai.

Biyar ta gota muka isa otal. Mai karɓar baƙi ya turo littafi ya miƙo makulli. Surukina bai taɓa ko ɗaya ba.

"Kuna da tarho?" ya ce masa. "Ba Malam. Ya baro aiki, shi ji ko an ƙare."

Sai ya taka can gefe ya tsaya gaban wata kalanda a bango, ya ba ni baya.

Sau uku ina bugawa kafin a ɗauka. Aka ce in riƙe. Na ji takun takalmi yana nisa, na ji ana turo wani abu mai ƙara, na ji shiru. Zufa ta jiƙa kan tarhon. Can sai ga muryar Yaya.

"Kai ne? Ta sauka da kanta, ana kiran salla. Mace. Bakinka ta ɗauko, duk ta ishi mutane da ihu."

"Ita fa?"

"Ga ta can tana neman kunu."

Na ajiye tarhon. Saura yadda zan faɗa masa. Na je bayansa na durƙusa.

"Baba, mutanen gidan sun ce a gaishe ka."

Carbin ya tsaya. Ya daɗe bai juyo ba.

"Su nawa?"

"Su biyu, Baba. Duka lafiya lau."

Ya ce alhamdu lillahi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Sai kawai ya zauna a kan jakarsa, a tsakiyar otal, mutane na wucewa, dattijon da ko hularsa ban taɓa gani a karkace ba. Ya kai hannun riga ya share ido.

"Yajin ga na da ƙarfi," ya ce. "Tashi ka kai musu."

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baba." Yajin yana can waje cikin mota, tagogi a rufe.