Baƙon da ya kwana a madafin Inna

Tun daga zaure na jiyo tarin Inna, ko jakata ban sauke ba. A Kibiya nake koyarwa, sai an yi hutu nake zuwa gida Rano, kuma duk zuwa sai na tarar tarin ya ƙara zurfi. In na yi magana ta ce mura ce. Wace irin mura ce take cin damina ta ci rani? Tsoro nake ji ƙwarai, amma uwa ce, ba na iya ɗaga mata murya.

A hutun nan ne wasu ma'aikata suka shigo gari suna auna hayaƙi. Wai so suke su ƙiyasta yawan iskar da garin ke turawa sama, irin wadda ke ƙara wa duniya zafi. Sun tsaya a tasha suna duba babura da adaidaita, sun leƙa gidajen burodi da wurin masu injin niƙa, sannan suka biyo gidajen da wuta ba ta mutuwa. Inna ƙuli-ƙuli take yi, murhunta ba ya hutawa, shi ya sa mai unguwa ya turo su gidanmu.

Mace ce ta shigo, doguwa mai gilashi. Ta rataye wata 'yar na'ura a bangon madafi, ta buɗe ta nuna mana wani ƙyalle a ciki, fari tas, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba. Ta ce shi ne zai riƙe abin da ke cikin hayaƙin.

"Mama, ki yi aikinki yadda kika saba. Jibi zan dawo," in ji ta.

Yadda ta saba! Baiwar Allah nan ba ta san Inna ba. A wurin Inna duk abin da zai kwana a gidanta baƙo ne, baƙo kuwa ba a nuna masa tsiraicin gida. Matar na fita ta kwashe kara da totuwar masara ta kai bayan ɗaki. Ledoji da guntayen silifa da take kunna wuta da su ta tura su ƙarƙashin gado. Ta aro busasshen ice a maƙwabta. Tagar da ta toshe da buhu tun ina yarinya, ranar ta buɗe ta. Suyar ma rabi ta yi.

"Inna, ƙarya fa kike shirya wa mutane," na ce.

"Ke rufe min baki. So kike a kai labarina birni a ce ƙazama ce ni?"

Na ce to ko a dama wa baƙon fura. Ta jefe ni da mafici, muka yi dariya har tarin ya tsayar da ita. Ban taɓa ganin madafin nan da haske irin na waɗannan kwanakin ba, har jinka ana gani.

Da matar ta dawo ta buɗe na'urar a gabanmu. Ƙyallen ya zama baƙi wuluk kamar gindin tukunya. Ta dube shi, ta dubi Inna.

"Mama, kin daɗe kina tari?"

Inna ta ce mura ce, ta tambaya ko ta ci jarrabawar. Ni kuwa na san wannan baƙin na ranakun kwalliya ne. To ina ga sauran ranakun, na shekara da shekaru, taga a toshe, Inna a durƙushe tana hura leda da baki?

Na raka matar zaure na gaya mata gaskiya. Ta cire gilashinta ta goge.

"Ni ba likita ba ce, hayaƙin da ke tashi sama nake bi," ta ce. "Amma kafin ya tashi, ta ƙirjin mai girki yake wucewa. Ku kai ta asibiti, kada ku ce sai an ga dama."

Na koma ciki ina shirya yadda zan lallaɓa Inna. Na tarar har ta mayar da buhunta a taga, wai iska na cinye mata ice. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi faɗa, sai tarin ya taso mata. Ya daɗe bai sake ta ba. Ta kare bakinta da haɓar zani, da ya lafa ta yi sauri ta naɗe wurin a tafin hannunta. Saurin nan ne ban yarda da shi ba. Ban taɓa kokawa da uwata ba sai ranar. Na riƙe hannunta ina ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ba ni da kunya. Na ga majina baƙa, da jan abu a tsakiyarta.

"Goro ne," ta ce, ba ta dube ni ba.

Inna ta bar cin goro tun da haƙoranta suka zube. Na saki zanin, na fita neman mai adaidaita, ko mayafi ban ɗauka ba.