Carbin hauren giwa a Nuzla

Mun tashi da asuba daga Makka, mu uku, bayan mun kammala umra, muka nufi Jidda. Hanyar sumul take, ba rami ko ɗaya, direbanmu ɗan Sudan ya yi ta taka mota har sai da na tuna masa jikoki na jirana. Jidda ta tarbe mu da gumi. Zafinta irin na Legas ne, mai manne wa mutum riga a baya.

A Balad, tsohuwar unguwar birnin, muka karya da ful, wato dafaffen wake da man zaitun, da burodi mai zafi daga tanderu, shayi riyal biyu. Tagogin katakon tsofaffin gidajen sun tuna min da Zanzibar. Daga nan na bar abokan tafiya suna cinikin turare, na hau tasi zuwa unguwar Nuzla wajen taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Can aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce.

"Yalla, shigo, tsoho! Har yanzu kana nan da rai?"

"Kai nake jira ka share min hanya," na ce.

Bayan mun ci shinkafa da naman rago, idona ya faɗa kan wani carbi a bango, manyan ƙwayoyi, sun yi ruwan ɗorawa don tsufa. Na kakanmu ne, a Cadi ya saye shi lokacin da ya taho hajji da ƙafa. Na ce, "Kai, wannan abu da kyau yake!" Na manta inda nake. A Kano in ka yabi abu, mai gida godiya zai yi. A nan, abin da baƙo ya yaba ya zama nasa. Taubashina ya cire shi ya cusa min a aljihu.

"Halas, shi ke nan. Wallahi naka ne."

Ya rantse. In na ƙi, na jawo masa kaffara, na kuma kunyata shi a cikin gidansa. Ga shi carbin na hauren giwa ne, abin da doka ta hana a ƙetare iyaka da shi. Ko da ma'aikatan filin jirgi sun bar ni na wuce da shi, raina ba zai bar ni ba.

Na ba shi labarin farar giwar da na gani a ƙasar Bama, can gabashin duniya, shekarun baya. Ba fara ba ce tas, launinta kamar na sabuwar tukunyar ƙasa. Irinta kaɗan ne a duniya, mutanen can suna girmama ta, sun gina mata rumfa mai ado, amma da sarƙa a ƙafarta. 'Yan'uwanta da ke daji kuwa ana sare musu itatuwa, ana harbe su don haure, har fatar ma sayarwa ake yi. Namu na dajin Bauci ma sai ka yi sa'a za ka gan su.

"To, giwar kakanmu ta mutu tun ba a haife mu ba," in ji shi. "Mene ne mushkila?"

"In na riƙe shi a masallacin Juma'a, alhazai goma za su nemi irinsa. Kuma za a samo musu."

Duk da haka rantsuwa na nan. Sai na ja tasbihi da carbin har ƙarshe, na ce, "Ya zama nawa?" Ya ce ya zama. Na miƙe na mayar da shi kan ƙusarsa. "To na yi waƙafinsa ga bangon nan. Ba sayarwa, ba kyauta, kowa ya yaba ya yi ta yabo."

Ya yi dariya har da tari. "Bakano! Ka karɓi kyauta, ka bar min gadi!"

Mun sauka Kano lafiya, jakata cike da dabino da darduma. Na dawo da darasi biyu: giwa ta fi kyau da haurenta a bakinta, kuma a gidan mutumin Jidda in za ka yi yabo, yabi abinci, shi dai ka riga ka cinye.