Kububuwar da Na Sa Shi Ya Koma Ɗaukowa

A lokacin ni malamar firamare ce a Muchia, ba na wasa da aikin coci, kuma ba na son a fi ni. Mijina kafinta ne a Sabon Gari, mutum marar musu, duk abin da na ce sai ya ce to. Shekarar nan ni aka ɗora wa kawo ganyen da za a riƙe ranar Lahadin Dabino. Wanda ake sayarwa a kasuwa bai yi mini ba, na ce duk ya yi yaushi. Ranar Asabar na sa ya ɗauke ni a babur zuwa bayan Samaru, inda na taɓa ganin goruba.

Kabar bakin hanya an riga an sassare ta. Ya ce mu yi haƙuri da abin da ya rage, na ce ban zo nan don ragowar wasu ba. Muka bar turba muka kutsa cikin busasshiyar ciyawa, ni da silifas. Ina jan wata kaba sai na ji ƙara kamar an jefa albasa a mai, sai wani abu ya caki idon sawuna. Kububuwa ce, na ga shigarta ƙarƙashin tarin ganye.

Har ya goya ni zai kai ni wurin babur na ce ya sauke ni ya ɗauko macijin. Tun ina yarinya nake ji ana cewa in ba a kai macijin asibiti ba, likita ba zai san allurar da zai yi ba. Ya ce mu tafi kawai, na ce ashe so yake in mutu. Sai ya koma. Ya bugi kububuwar da sanda har ta daina motsi, ya sa hannu ya jefa ta a buhun da muka zo da shi. Na ga ya yarfe hannun, na tambaye shi, ya ce ba komai, mataccen maciji ba shi da dafi.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ko buhun ba ta buɗe ba. Ta ce jinin mutum suke gwadawa, ba maciji ba. Aka gwada nawa, aka ce kububuwar ba ta zuba mini dafi ba. Shi kuwa yana ta kai da komo, ya sayo mini ruwa, ya kira 'yan'uwana, hannunsa na dama a aljihu. Da la'asar yana yi mini magana na ga jini a haƙoransa. Ashe kububuwar ta sare shi a hannu lokacin da ya ɗauke ta. Kafin a samo allurar, jinin ya riga ya ƙi tsayawa. Ni aka sallama, shi aka kwantar a gadon da na tashi. Bai kai Ista ba.

Ban yi kuka ba ranar da ya rasu, har yau ma ban iya ba. Ina zuwa makaranta, ina dafa abinci, ina amsa gaisuwa. Mutane suna cewa ina da ƙarfin hali, ni dai ba na jin komai ne. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne kada ya bar hanya ya shiga ciyawa don neman abin da ya fi na kowa. In maciji ya sari wani, a bar macijin, mai rai ko matacce, a wuce asibiti. Wanda ya ce ba komai, a duba hannunsa.

Kowace Lahadin Dabino ana miƙa mini ganye a ƙofar coci. Ina karɓa, mai yaushi ne ko ɗanye, ba na dubawa.