Ni Ke Naɗe Sunayen

Jiya jikata ta dawo daga jami'a da hawaye, wai malamin kwamfuta ya kayar da ita, ko fuskarta bai sani ba. Sai na tuna maigidana, Allah shi jiƙan shi, na kama nawa kukan. Ita ke rubuta mini wannan.

Lissafi yake koyarwa nan Sakkwato, gab da samun 'yancin kai. Da yake ban iya karatu ba, ni yake ba takardun jarrabawa in naɗe bakin da suna yake, don kada ya san mai ita. Shekarar da ɗanmu ke ajinsa, na gane takardarsa da ɗigon man ƙulin da na soya. Na naɗe, na miƙa. Ina jin ƙarar alƙalami, jar tawada tana cin takardar.

Da ya buɗe sunan, sai ya dube ni.

"Kin san tasa ce?"

"Na sani, Malam."

"To, zai maimaita aji."

Ranar a akushi tuwon Malam ya huce.

Ya Allah, kai da ba a naɗe maka suna, ka duba shi da rahama.